Masu Neman Abin da Ya Ɓace

Matasan da ke shiga binciken ciwon daji a yau sukan miƙa wa na'ura samfurin ƙari, bayan 'yan kwanaki ta ba su jerin ƙwayoyin gadon da suka lalace, kuma abin da ke ci wa tsofaffin fagen tuwo a ƙwarya shi ne yadda matasan suke ɗauka cewa haka abin yake tun asali. Ƙwayoyin gado masu danne ƙari, wato waɗanda ke taka wa ƙwayar jiki birki idan ta nemi yaɗuwa barkatai, an gano su ne ta gurbin da suka bari bayan sun ɓace, kuma ganin gurbi ya fi ganin abu wuya.

Alfred Knudson, wanda ya rasu a 2016, da takardun asibiti da lissafi kawai ya yi aiki. A 1971 ya duba bayanan yara 48 masu ciwon dajin tantanin bayan ido, ya lura cewa waɗanda suka gaji cutar tana kama su da wuri, galibi a ido biyu, sai ya yanke cewa lahani biyu ake buƙata: mai gado an haife shi da na farko, saura ɗaya.

Aikin da ya gaskata Knudson yanzu ya kusa mutuwa. Akan ɗauki DNA daga jinin majiyyaci da kuma daga ƙarinsa, a yayyanka, a jera su gefe da gefe, a yi musu alama da sinadari mai fitar da haske, a ɗora fim irin na hoton ƙashi, a ajiye cikin firiza kwanaki. Ranar wanke fim akan ɗaga shi ga fitila: layi biyu a wajen jini, layi ɗaya a wajen ƙari, alamar ɗaya ya ɓace. Da wannan hanya Webster Cavenee ya nuna ɓatan a kuromosom na 13 a 1983, shekara uku kafin a ware RB1, ƙwayar gadon da ke danne wannan ciwon idon. Ita ce kuma ta warware kuskuren da aka yi kan wani mai danne ƙari, p53, wanda aka gano tun 1979 aka shekara goma ana zaton mai hura wutar ciwon ne, har ɗakin binciken Bert Vogelstein ya ga ana rasa shi a ciwon dajin hanji. Kusan rabin cututtukan dajin ɗan'adam na ɗauke da lahanin p53.

Ya kamata malamai su sa kowane sabon ɗalibi ya karanta takardar Knudson ta 1971, ya maimaita lissafinta da hannunsa, kafin a bar shi ya taɓa na'ura.