Daga Ina Marubuci Ke Samo Labari?

A shekarar 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka kai shi Zariya. Ya yi wata shida yana karanta hikayoyin Larabawa da na Turawa, yana rubutu, yana kai wa Dokta East su tattauna. Daga wannan naci na yau da kullum aka sami Magana Jari Ce. Ko da yake asalin labaran aro ne, fada da kasuwa da mutanen da ke ciki irin waɗanda Imam ya tashi yana gani ne a ƙasar Hausa.

A 1990 kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, shi ya sa ƙuncin da Abu ta shiga a littafin ya ratsa zukatan masu karatu.

To, mu da ke riƙe da alƙalami yau, mu keɓe wa rubutu lokacinsa kowace rana, sannan mu buɗe ido a gidajenmu da unguwanninmu, domin can labaranmu suke.