Sankarar Hanta a Masana'antar PVC ta Amurka, 1974: Nazari Kan Mahaɗar Ƙididdigar Lafiya, Kimiyyar Folima da Dokar Ƙwadago

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda aka gano cewa iskar binil kulorayid, wadda da ita ake yin robar PVC, tana haddasa wa ma'aikata sankarar hanta, da yadda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato OSHA, ta rage iyakar shaƙarta daga kashi 500 cikin miliyan zuwa kashi 1 a cikin wata tara kacal. An yi bitar rahotannin likitoci, da binciken mace-macen ma'aikata, da hukunce-hukuncen kotu guda biyu. Binciken ya gano cewa ƙarancin cutar a cikin jama'a ne ya sa hujja ta fito fili, kuma yanayin sarrafa folimar ne ya sa bin dokar ya zo da araha. Saboda haka bai kamata a ɗauki wannan nasara a matsayin shaidar cewa tsarin kare ma'aikata zai riƙa gano kowane irin haɗari ba.

Muhimman kalmomi: binil kulorayid, PVC, anjiyosakoma, ƙididdigar lafiya, dokar ƙwadago

1.0 Gabatarwa

PVC tana cikin robobin da aka fi amfani da su a duniya. Da ita ake yin bututun ruwa, da rigar wayar lantarki, da ledar daɓe, da jakar ƙarin jini. Kasuwarta ta buɗe ne bayan 1926, lokacin da Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano yadda za a tausasa ta ta sarrafu. A wata masana'antar wannan kamfani da ke Luwisbil, jihar Kentaki, aka fara tabbatar da cewa binil kulorayid tana haddasa wa ɗan Adam sankara a watan Janairun 1974.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ya sa doka ta yi hanzari a kan binil kulorayid, alhali wasu sinadarai irin su benzin sun shafe shekaru ana ja-in-ja a kansu?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An dogara da rubutattun bayanai iri uku: gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye a Italiya, da binciken mace-macen ma'aikata a Amurka da Birtaniya, da hukuncin kotunan tarayyar Amurka na 1975 da 1980. An kuma yi ɗan lissafi na misali domin kwatanta ƙarfin hujja a cutar da ba kasafai ake ganinta ba da cutar da ta zama ruwan dare.

3.0 Inda Haɗarin Yake

Binil kulorayid iska ce marar launi, tana tafasa a kusan digiri 13 ƙasa da sifiri, don haka sai an matse ta take zama ruwa. A hanyar da aka fi bi, ana zuba ta cikin katafaren tankin ƙarfe mai ruwa, a kaɗa har ta farfashe zuwa ƙananan ɗigo, a sa sinadarin da zai tayar da haɗin, a ɗumama zuwa tsakanin digiri 50 da 70. Ƙwayoyin sai su riƙa sarƙewa da juna har su zama farin gari, wanda shi ne PVC. Ana tsayar da aikin tun kafin duk iskar ta juye, yawanci idan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari sun haɗe. Ragowar kuwa tana nan a tankin, tana kuma maƙale cikin garin.

A nan ne ma'aikaci yake shigowa. Bayan kowane zubi, ɓawon roba kan manne a bangon tankin, kuma a wancan zamani mutum ne ke buɗe murfi, ya sauka ciki da abin kankara, ya riƙa ɓamɓare ɓawon da hannu. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasan tankin take taruwa, daidai inda yake durƙushe. Hanci ba ya jin ƙanshinta sai ta kai kusan kashi 3,000 cikin miliyan. Ke nan duk wanda ya ji ƙanshin, ya riga ya ninka iyakar kashi 500 da doka ta ajiye a lokacin sau shida.

Idan iskar ta shiga jiki, hanta ce ke ƙoƙarin narkar da ita ta hanyar inzayim ɗin CYP2E1, kuma a wannan ƙoƙari ne take mayar da ita kuloro-itilin oksayid, sinadarin da ke manne wa ƙwayar gado ya gurɓata ta. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa hanta ce ta fi shan wahala.

4.0 Alamomin da Suka Gabata

Tun a shekarun 1960 likitoci suka lura da wata cuta a tsakanin masu wanke tankuna: ƙasusuwan kan yatsunsu suna zaizayewa, yatsun su gajarce, su riƙa yin fari idan sanyi ya taɓa su. A 1970 Pier Luigi Viola ya gabatar da rahoto a taron masana sankara a Hustan cewa ɓerayen da suka shaƙi kashi 30,000 cikin miliyan sun kamu da sankara. Da yake adadin ya yi yawa ƙwarai, ba a ɗauki abin da zafi ba. Zuwa 1972, Cesare Maltoni a Bolonya ya ga anjiyosakoma, wato sankarar jijiyoyin jini, a hantar ɓerayen da suka shaƙi kashi 250, rabin abin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa. Masana tarihi Gerald Markowitz da David Rosner sun nuna daga takardun kamfanonin PVC cewa an ƙulla yarjejeniyar sirri a kan wannan sakamako, kuma ba a bayyana shi ga hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta NIOSH a ganawar da aka yi da ita a 1973 ba.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne John Creech, likitan masana'antar Luwisbil, da ya lura cewa ma'aikata uku sun mutu da cuta iri ɗaya. Rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC na Fabrairun 1974 ya ƙirga mutum huɗu tsakanin 1967 da 1973, dukkansu daga sashen haɗa folima, kowannensu ya yi aƙalla shekara 14 a wurin.

5.0 Abin da Ƙididdiga ta Gani da Wanda ta Kasa Gani

A lokacin, anjiyosakomar hanta tana kama kimanin mutum 25 a shekara a duk faɗin Amurka, wato kusan mutum ɗaya cikin miliyan 8. A ɗauka sashen na Luwisbil yana da ma'aikata 500 da aka bibiya tsawon shekara 7, jimillar shekarun-mutum 3,500 ke nan. Adadin da ake tsammani shi ne 0.00044. Ko da an ninka shi sau goma saboda manyan maza sun fi sauran jama'a kamuwa, bai wuce 0.0044 ba. An ga huɗu, kusan ninki 900 na abin da ake tsammani. Babu wanda zai ce wannan dace ne. Ƙari a kan haka, sanannun musabbaban cutar kaɗan ne, irin su asinik da sinadarin Thorotrast da aka daina amfani da shi wajen ɗaukar hoton jiki.

A gwada da cuta gama-gari kamar sankarar huhu. Idan ana tsammanin mutuwa 20 aka ga 26, ƙarin kashi 30 cikin ɗari ne, kuma rayuka shida ne, fiye da na Luwisbil. Amma a tsarin Poisson, gwargwadon kaucewar da aka saba gani a adadi 20 ya kusan 4.5, don haka ƙarin 6 bai fita daga abin da dace zai iya kawowa ba. Sannan ga shan taba da za a iya jingina wa laifin.

Akwai wata matsala ta biyu. Binciken Tabershaw da Gaffey na 1974, wanda ya duba ma'aikatan Amurka sama da 8,000, ya sami jimillar mace-macensu ƙasa da ta sauran jama'a. Mai karatu cikin gaggawa zai ce aikin ba shi da illa. Fox da Collier, da suka bibiyi ma'aikatan Birtaniya, sun warware ƙullin a 1976: a shekara biyar na farkon kama aiki, mutuwa ba ta kai kashi 40 cikin ɗari na abin da ake tsammani ba, amma bayan shekara 15 ta haura kashi 90. Dalili shi ne mai lafiya ake ɗauka aiki, wanda jikinsa ya gaza kuma shi ke fara barinsa. Wannan shi ne tasirin lafiyayyen ma'aikaci, kuma yana iya binne haɗari na gaskiya a cikin alƙaluman jimilla, musamman ga cutar da kan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana.

6.0 Martanin Doka

Sashe na 6(b)(5) na dokar lafiyar ma'aikata ta 1970 ya umarci OSHA ta kafa iyaka bisa mafi ingancin hujjar da ke hannu, gwargwadon abin da zai yiwu a aikace. A watan Afrilun 1974 hukumar ta sa iyakar gaggawa ta kashi 50. A watan Oktoba ta fitar da ta dindindin: kashi 1 a matsakaicin awa 8, kada kuma a wuce kashi 5 a kowane minti 15. Ta wajabta auna iska, da gwajin hanta, da ajiye bayanai aƙalla shekara 30.

Ƙungiyar masana'antun roba ta garzaya kotu, tana riƙe da hasashen kamfanin Arthur D. Little cewa har guraben aiki miliyan 2.2 na iya salwanta idan masana'antun suka rufe. A watan Janairun 1975 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta shiyya ta biyu, ta bakin mai shari'a Tom Clark, ta tabbatar da dokar, ta ce hukuma na da ikon tilasta wa masana'antu su ƙirƙiro fasahar da ba su riga sun mallaka ba.

Masana'antun ba su rufe ba. Sun koma tsane ragowar iskar daga garin PVC da tururi, suna mayar da ita cikin tanki. Sun shafe bangon tankuna da sinadarin hana mannewa, sun koma wanke su da ruwa mai ƙarfin feshi ba tare da mutum ya shiga ba. Ofishin tantance fasaha na majalisar dokokin Amurka ya ruwaito a 1995 cewa kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan 280 ba, kusan rubu'in dala biliyan 1 da aka yi hasashe. Abin da ke kashe ma'aikaci shi ne kayan aikin da kamfani ya saya da kuɗinsa, don haka toshe yoyon ya zama jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Benzin bai samu wannan sauƙi ba. OSHA ta rage iyakarsa daga kashi 10 zuwa 1 a 1978, amma a 1980 Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce sai hukuma ta fara nuna cewa akwai haɗari mai nauyi a tsohuwar iyakar. Sankarar jini da benzin ke haddasawa tana kama mutanen da ba su taɓa shiga masana'anta ba, saboda haka auna ƙarin ya buƙaci dogon lissafi. Sai a 1987 iyakar kashi 1 ta dawo.

7.0 Sakamakon Bincike

Na farko, ƙarfin hujjar 1974 ya fito ne daga ƙarancin cutar, domin mutum huɗu sun isa su rinjayi duk wani shakku. Na biyu, alƙaluman jimillar mutuwa sun nuna ma'aikatan a matsayin masu ƙoshin lafiya a daidai lokacin da sankarar ke kashe su. Na uku, hujjar ɓeraye ta riga ta mutane da fiye da shekara guda, amma ba ta isa hannun hukuma a kan kari ba. Na huɗu, arahar gyaran ta samo asali ne daga kasancewar gubar kaya ce mai daraja da ake iya tarowa a sake amfani da ita, wanda ba haka yake ga ƙurar auduga ko ta dutse ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa nasarar dokar binil kulorayid ta dogara da sharuɗɗan da ba kasafai suke haɗuwa ba. Yawancin sinadaran masana'antu suna ƙara yawan cututtukan da dama can suna cikin jama'a, kuma irin wannan ƙari ba ya bayyana ga idon likita guda. Don haka ana ba da shawarar abu uku ga masu tsara dokar ƙwadago: a wajabta wa kamfanoni miƙa sakamakon gwajin dabbobi ga hukuma da zarar sun same shi, a riƙa ajiye bayanin aikin kowane ma'aikaci da abin da ya shaƙa, har bayan ya bar aiki, a kuma kwatanta ma'aikatan da suka fi shaƙa da takwarorinsu na cikin masana'anta ɗaya, maimakon a kwatanta su da jama'ar gari.