Rukunin ƙarfi a gasar rediyon 'yan sha'awa

Rukunin ƙarfi ƙa'ida ce da ke raba masu fafatawa a gasar rediyon 'yan sha'awa bisa yawan wat da na'urarsu ke fitarwa. A gasar CQ World Wide, wadda tashoshin Najeriya ke shiga da lambar kira mai farawa da 5N, rukunan uku ne: wat 1,500, wat 100, sai QRP mai wat 5.

Ɗan gasa da kansa yake bayyana rukuninsa, kuma auna ƙarfin tasha daga nesa yana da wuya. Wanda ya jona amfilifaya a ɓoye ya tauye haƙƙin masu ƙaramar na'ura. Idan asirinsa ya tonu, kwamitin gasar na iya soke sakamakonsa.