Daga igiya zuwa kyamara: yadda aka yi ta neman hana tsofaffi faɗuwa

1/ Zare 🧵
Jama'a, a ƙarshen shekarun 1980, in ka shiga gidan kula da tsofaffi a Amurka, kusan 4 cikin kowane 10 a ɗaure za ka same su. A ɗaure fa, da ɗamara, a kujera ko a gado. Ba laifi suka yi ba. Wai don kada su faɗi ne.

2/ Kafin ku fara tsinuwa, tsoron ba na banza ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa. Tsoho in ya karye a ƙugu, sau da yawa daga wannan kwanciyar ba ya ƙara komawa yadda yake.

3/ To dabarar farko ita ce ƙarfen gefen gado da wata riga mai igiyoyi da ake ɗaurewa ta bayan kujera. Lissafin masu gidan mai sauƙi ne: wanda bai tashi ba ai ba zai faɗi ba. Ga kuma tsoron kada 'yan uwa su maka su a kotu.

4/ Sai dai jiki ba ya yarda da wannan lissafin. Tsohon da ya wuni a ɗaure, naman ƙafarsa zubewa yake yi. Gyambon kwanciya ya fito masa. Ya yi fitsari a inda yake don ba mai kwance shi. Ranar da aka sake shi kuwa, ƙafar ba ta iya ɗaukarsa.

5/ Mai ciwon mantuwa kuma bai san ƙarfen na kare shi ba ne. Shi dai banɗaki yake son zuwa. Sai ya haura ta sama, ya faɗo daga inda ya fi gadon tsawo. Wani kuma kansa ko ƙirjinsa ya maƙale tsakanin ƙarfe da katifa.

6/ Hukumar FDA ta Amurka ta karɓi rahoto 803 na mutanen da suka maƙale a irin waɗannan gadaje daga 1985 zuwa farkon 2009. A cikinsu 480 sun rasu. Ku sake karanta lambar nan. Abin da aka kafa don kariya ne fa.

7/ A 1987 majalisar Amurka ta yi dokar gyara gidajen tsofaffi, wadda ta hana ɗaure mutum don horo ko don ma'aikata su huta. Wasu malaman jinya biyu na Jami'ar Pennsylvania, Lois Evans da Neville Strumpf, suka yi ta rubutu suna nuna illar ɗaurin. Japan ma ta hana shi a 2000, sai dai in larura ta kai maƙura.

8/ An kwance igiya. To yanzu fa? Sai na'ura ta shigo: wata shimfiɗa da ake sa wa a ƙarƙashin zanin gado ko kan kujera. Da tsoho ya ɗaga jikinsa sai ƙararrawa ta kama kuka. Gidaje suka yi ta saye, kowa na ganin an rabu da Bukar.

9/ (Kada a haɗa ta da maɓallin nan da ake ratayawa a wuya. Wannan tun 1974 Andrew Dibner ya kafa kamfanin Lifeline a kansa, kuma Apple Watch mai gane faɗuwa da ya fito a 2018 jikansa ne. Su ba sa hana faɗuwa, suna rage daɗewa a ƙasa ne kafin taimako ya zo. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.)

10/ Mu koma kan ƙararrawa. An haifi Habu. A 2012 aka wallafa wani babban gwaji da aka yi a wani asibiti a Memphis, kan majinyata sama da 27,000. An sa wasu ɗakunan sun ƙara amfani da ita sosai. Faɗuwa ba ta ragu ba.

11/ In ka yi tunani ba abin mamaki ba ne. Ƙararrawa sai mutum ya riga ya miƙe take kaɗawa, nas kuma tana can ƙarshen baranda tana wa wani wanka. Ta yi ta kuka a banza har kunne ya saba. Tsoho kuma ya koyi cewa in ya gyara kwanciya za a taso a kansa, sai ya sandare. A 2017 hukumar da ke duba gidajen a Amurka ta ce irin wannan ƙararrawar na iya zama ɗauri ita ma.

12/ Yanzu ga wurin da ya fi burge ni. Duk shekarun nan ana ta sayen kaya, amma kusan ba wanda ya taɓa GANIN yadda tsofaffin ke faɗuwa. A ƙasa ake tsintarsu, a tambaye su, su kuma galibi ba sa tunawa.

13/ Sai Stephen Robinovitch na Jami'ar Simon Fraser a Kanada da abokan aikinsa suka tattara bidiyon kyamarorin falo, baranda da ɗakin cin abinci na gidaje biyu, daga 2007 zuwa 2010. Faɗuwa 227, mutum 130. Suka zauna suna kallo ɗaya bayan ɗaya. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2013.

14/ Santsi, wanda kowa ke zargi? Kashi 3 cikin 100 kacal. Tuntuɓe kashi 21, kuma da yawa ƙafar tebur ko ta kujera ce ta harɗe su. Babban dalili, kashi 41, shi ne mutum ya karkata nauyin jikinsa ya wuce inda ƙafafunsa za su iya tare shi: wajen juyawa, wajen zama, wajen miƙa hannu ya ɗauko abu.

15/ Kun gane? Matsalar tana cikin ƙarfin ƙafa da daidaituwar jiki, daidai abin da ɗauri da zaman dole suke kashewa. Kuma har yanzu ba a gama lalube ba: a Kanadan dai aka gwada shimfiɗa daɓe mai taushi a ɗakunan kwana, sakamakon 2019 ya nuna munanan raunuka ba su ragu ba.

16/ Mu nan tsofaffinmu galibi a gida suke, Alhamdulillah, kuma ba ma ɗaure su da ɗamara. Amma muna da tamu igiyar: "Hajiya zauna, kar ki tashi, bari a kawo miki." Cikin ƙauna ake faɗa. Sai a wayi gari Hajiya ba ta iya miƙewa daga kan sallaya sai an kama ta.

17/ Ga tayil da muka malale gidaje da shi, ga ruwan alwala, ga fita banɗaki da asuba ba wuta. Gobe in Allah ya kai mu, ku tsaya ku kalli yadda Kaka ke tashi daga tabarma: me take dafawa, a wace ƙafa take jingina, ina take tangaɗi in za ta juya. Ku faɗa min abin da kuka gani.