Malfa da Jan Rawani: Tarihin Karatun Mata a Ƙasar Hausa

Kwanan baya a wurin wani suna a nan unguwarmu ta Glenwood, gardama ta tashi tsakanin samari biyu. Ɗaya ya ce addini bai yarda mace ta yi zurfi cikin karatu ba, kuma haka ya kamata. Ɗayan ya ce ai shi ya sa addinin ya bar mu a baya. Na yi shiru ina ji, sai na lura dukansu biyu sun yarda da abu guda, watau wai Musulunci da karatun mata ba sa ga maciji. 'Yan matanmu kuwa suna daga ciki suna sauraro. Don haka na ce bari in ɗauko tarihin ƙasar kakanninmu in shimfiɗa, kowa ya duba da kansa.

Wajen shekarar 1786, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, maza da mata suna taruwa suna ji. Sai wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya zo masa da baitoci, yana neman ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa. Shehu ya sa ƙanensa Malam Abdullahi ya ba shi amsa, shi Abdullahin ne kuma ya ba da wannan labari cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Gundarin amsar shi ne, su ba su cakuɗa maza da mata ba, kuma barin mata cikin jahilci ya fi abin da malamin ya ke tsoro muni. Cikin Nurul Albabi kuma Shehu ya zargi malaman zamaninsa da su ke koyar da almajirai a zaure don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san ko hukuncin alwala ba. Ku lura fa, masu tsanani a wannan gardama su ne su ka ce a kori mata. Shehu shi ne ya ce su zauna.

Ba da baki kaɗai ya faɗa ba, a gidansa ya fara. An haifi 'yarsa Nana Asma'u a Ɗegel a 1793. Tana yarinya a ka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta haddace Alkur'ani, ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin wanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da ƙura ta lafa, sai a ka ga ƙauyuka cike da matan da yaƙi ya ɗaiɗaita, da yawansu ba su san kome ba sai bori. Nana ba ta aika musu da bulala ba. Wajen ƙarshen zamanin Bello, wanda ya rasu a 1837, ta shiga zaɓen dattijan mata masu hankali daga garuruwa. Kowace ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Ita malfa, a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, don haka matan ƙauye da ganinta sun san wannan mai iko ce. Jaji ita ke jagorantar ayarin tsofaffi da ƙananan 'yan mata zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin tauhidi da salla da tarihin Annabi da harshen da su ke ji, su koma su koya wa matan aure da ke cikin gida. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Nana ta rasu a 1864, a ka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, kada in yi muku ƙarin gishiri. Daular Sakkwato ba ta daidaita mace da namiji irin yadda dokar zamanin nan ta ke nufi ba. Akwai bayi mata da ƙwaraƙwarai, kulle ya yaɗu a birane, sarautun mata irin su Inna da Magajiya sun rage ƙarfi. Amma a kan haƙƙin mace ta san addininta, ta karanta, ta rubuta, ta koyar, shugabannin jihadi ba su yi shakka ba.

Turawa su ka ci Sakkwato a 1903. Ba su buɗe makarantun 'yan mata na gwamnati a Arewa ba sai 1930, a Kano da Katsina, iyaye kuwa su ka yi ta ɗari-ɗari da su, don abin daga hannun baƙo ya fito. Daga nan ne tsohuwar gardamar Goni ta sake sabuwar riga, a ka shiga cewa karatun mace abin Nasara ne. A 1956 Malam Isa Wali ya yi rubutu cikin jaridar Nigerian Citizen yana nuna matsayin mata a Musulunci da hujjojin littafi, malamai da yawa su ka yi masa ca. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta yi ta yawo tana neman a ba mata ƙuri'a da makaranta, a ka ɗaure ta har sau 16. A 1960, lokacin da 'yan matan Kwalejin Bennett ta wannan gari namu su ka bi samarin A&T su ka yi zaman dirshan a kantin Woolworth don neman haƙƙin baƙar fata, Nijeriya ta sami mulkin kai, amma matan Arewa ba su da ƙuri'a. Ba su samu ba sai 1976. Gambo ta rasu a 2001, bayan ta ga abin da ta sha wuya a kansa.

Sa'an nan a ka zo zamanin bindiga. Ran 14 ga Afrilu 2014 'yan Boko Haram su ka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, suna shirin jarrabawa. Ran 19 ga Fabrairu 2018 kuma a ka kwashe 110 a Dapchi. Nesa da mu, a Afganistan, 'yan Taliban su ka rufe wa 'yan mata makarantun sakandare bayan sun karɓi mulki a 2021, su ka hana su jami'a a Disamba 2022. Duk waɗannan suna cewa asalin addini su ke so su komar da mutane. To, mu da mu ka gaji ƙasar Shehu sai mu tambaya, wane asali? Mutumin da ya ƙi korar mata daga wa'azinsa, da 'yarsa da ta aika malamai mata ƙauye-ƙauye, su ne asalinmu, kuma abin da su ka bari a rubuce ya ke.

Wani abin mamaki, labarin Nana ya ƙetaro teku, har Musulmi baƙaƙen Amurka a birnin Pittsburgh su ka kafa taron karatun mata da sunan 'Yan Taru. Abin kunya ne baƙo ya san darajar kayan gidanmu, mu masu gida mu manta.

Saboda haka, 'yan'uwa, in wani ya ce wa 'yarku karatu ba nata ba ne, ko da sunan addini ya faɗa ko da sunan wayewa, ku ba ta labarin malfa da jan rawani. Ku kuma samarin nan biyu, ga amsarku, ba don in ci muku fuska ba. Allah ya jiƙan magabata, ya komo da sauran 'ya'yan mutane da ke hannun azzalumai, ya sa albarka cikin karatun yaranmu, maza da mata. Haza wasalam.