Legas, Abuja, Kano: Daga Ina Tsadar Haya Ta Samo Asali?

Rubutun wannan makon wani abokina ne ya jawo shi, wanda muka gama difloma tare. Ya samu aiki a Abuja da albashi ninkin nawa, muka yi masa murna har da walima. Bayan wata shida sai ga shi yana neman rancen kuɗin mota a wurina, ni da nake zaune a Kano cikin gidanmu na gado. Da na bi diddigi sai na ga gardamar da muke yi kan kuɗin kwanon shinkafa a nan da can ba ita ce maganar ba. Abin da ke cinye albashi shi ne wurin kwana, kuma kowane birni da tarihin da ya yanka masa kuɗin ɗaki.

Mu fara da Legas, tunda cunkosonta ne ya haifi Abuja. Gari ne da ruwa ya matse, ga teku ga fadama, amma a lokacin shi ne babban birnin ƙasa kuma babbar tashar jiragen ruwa. Da kuɗin mai suka shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da ariya a farkon 1975, sai masu gidaje su ma suka ɗaga nasu. Gwamna Lateef Jakande (1979 zuwa 1983) ya gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan, waɗanda har yau ake ambatonsa da su. Amma a Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, aka tashi mutane kimanin 300,000. Filin nan yanzu yana cikin mafi tsada a ƙasar, talakan da aka tasa kuwa ya koma can gefe. Sai da ta kai a 2011 jihar ta yi dokar hana karɓar kuɗin haya na fiye da shekara ɗaya a gaba.

Abuja kuwa a takarda aka fara zana ta. Janar Murtala ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a 1975, dokar kafa sabon birnin ta fito ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi. Dokar ta damƙa dukkan ƙasar yankin a hannun gwamnatin tarayya. Wato ba ka da kakan da ya bar maka fili a Maitama ko Asokoro, sai wanda hukuma ta ba takarda, shi kuma ya sayar yadda ya ga dama. Tsarin birnin na 1979 ya ware wa ma'aikatu da manyan jami'ai wuri mai kyau, amma birkila da direba da mai shayi ba a yi musu wani tanadi na kirki ba. Nyanya ma sansanin leburorin da ke ginin birnin ce tun asali. Da Babangida ya tare ranar 12 ga Disamban 1991, ma'aikata suka kwararo fiye da gidajen da aka gama.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, a ganina, shi ne tsarin Obasanjo na 2003 da ya mai da alawus ɗin gida kuɗi a cikin albashi, sannan aka sayar da gidajen gwamnati lokacin da Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, ga kuma rusau a unguwannin da aka ce ba sa cikin tsari. Ƙaramin ma'aikacin da ya zo daga baya bai tarar da kwatas ba, dillali ya tarar. Sai ya nufi Mararaba a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. (Abin dariya, Suleja ce ainihin mai sunan Abuja, ta bayar da sunan, yanzu ita ke ba mutanen Abujar makwanci.) A cikin gari kuwa ga manyan gidaje a kulle, maigadi kaɗai ke kwana a ciki.

Kano labarinta daban. Birni ne da ya girmi gwamnatin da ke mulkinsa, ƙasar cikin ganuwa tana hannun iyalai tun kaka da kakanni. Saurayi zai yi aure, sai a yanka masa ɗaki a gidan gado ko a ɗora bene. Haya ta fi ƙarfi ne a wajen ganuwa, a Fagge da Sabon Gari da Turawa suka keɓe wa baƙi a 1913 bayan zuwan jirgin ƙasa. Da gari ya cika, sai gonakin gefe suka koma filayen awon igiya, irin su Kurna da Dorayi da Rimin Kebe. Abinci ma a ƙofar gida yake, hatsin Dawanau sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya isa kasuwannin Legas. Sai dai kada mu yi alfahari da yawa: arhar awon igiya ana biyanta ta wata hanyar, a kuɗin 'yan garuwa, da lungun da mota ba ta shiga, da ambaliya duk damina. Kuma mutum goma a ɗaki biyu ba ya fitowa a lissafin haya.

Mafi ƙarancin albashi kuwa ɗaya ne a dokar tarayya: naira 125 a 1981, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. Doka ba ta tambaya ko a Wuse kake kwana ko a Gwale.

Dabarar zama a gefe ta yi aiki ne muddin fetur yana da arha. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, sai abin da mutumin Mararaba ya tsira da shi a haya ya koma hannun direban bas. Abokin nan nawa yanzu daga Litinin zuwa Alhamis a ofis yake kwana kan darduma, ɗakin da ya biya wa kuɗin shekara kuwa sai Juma'a da daddare yake ganinsa.