Haihuwa da Fasfo a Ayalan: Tarihin Zama Ɗan Ƙasa ga 'Ya'yan Baƙi, 1935 zuwa 2023

Jamhuriyar Ayalan ce ƙasa ta ƙarshe a Tarayyar Turai da ta riƙa ɗaukar duk jaririn da aka haifa a cikinta a matsayin ɗan ƙasa, ba tare da an tambayi ko su wane ne iyayensa ba. Rubuce-rubucen da ke yawo kan wannan batu sun saɓa a wurare biyu. Wasu na cewa a 1998 aka soma tsarin, wasu na cewa tun 1956. Wasu na cewa an soke shi a Yunin 2004, wasu kuma a Janairun 2005. Akasarin ruɗanin ya samo asali ne daga gwama abubuwa biyu da dokar ƙasar ba ta taɓa gwamawa ba: fasfon yaro daban, izinin zaman iyayensa daban. Kowanne da ranar da aka buɗe ƙofarsa da ranar da aka rufe.

Tushen dokar

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1935 ta riga ta ɗauki haihuwa a cikin ƙasa a matsayin hujja. Dokar 1956 da ta maye gurbinta ta fito fili ta ce duk wanda aka haifa a Ayalan ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa, in ban da 'ya'yan jami'an diflomasiyya na ƙasashen waje. Ba wanda ya damu da wannan sashe a lokacin, domin Ayalan ƙasa ce da mutane ke bari, ba wadda ake zuwa ba. Hankalin masu tsara dokar ya fi karkata ga 'ya'ya da jikokin da ke Amurka da Ingila, shi ya sa har yau wanda aka haifi kakansa ko kakarsa a tsibirin na iya yin rajista ya karɓi fasfo ko da bai taɓa taka ƙasar ba. Birtaniya, maƙwabciyarta, ta soke ba da ƙasa ta hanyar haihuwa kawai daga 1 ga Janairu 1983. Ayalan ba ta bi sahu ba.

Shari'ar Fajujonu

Ƙofar iyaye kotu ce ta buɗe ta, kuma a kan wani ɗan Najeriya mai suna Fajujonu. Shi da matarsa 'yar Maroko sun shigo Ayalan daga Landan a 1981, suka zauna ba tare da izini ba, aka haifa musu 'ya a Dublin a 1983. Da maganar korarsu ta taso, sai suka garzaya kotu. A Disamba 1989 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Babban Alƙali Thomas Finlay, ta ce yaron da ke ɗan ƙasa yana da haƙƙin kulawar iyayensa da zama tare da su a cikin ƙasarsa, kuma gwamnati ba za ta kori irin wannan iyali ba sai da dalili mai nauyi da ya shafi maslahar jama'a. Littattafan lauyoyi kan sa wa hukuncin shekarar 1990, amma wannan shekarar da aka buga shi ce a kundin hukunce-hukunce.

Kotun ba ta ce haramun ne a kori iyayen ɗan ƙasa ba. Ma'aikatar Shari'a ce, a aikace, ta mayar da abin kamar ƙa'ida: wanda ya kawo takardar haihuwar yaro, galibi a ba shi izinin zama.

Yarjejeniyar Belfast

Masu cewa a 1998 aka soma tsarin suna nufin Yarjejeniyar Belfast ta 10 ga Afrilu 1998, wadda ta kawo ƙarshen rikicin Ayalan ta Arewa. Jamhuriyar ta amince ta janye iƙirarin mallakar Arewa daga kundin tsarin mulkinta. Don kada Katolikan Arewa masu ɗaukar kansu 'yan Ayalan su ga an yasar da su, sai aka rubuta sabon Sashe na 2, wanda ya ba duk wanda aka haifa a tsibirin, Kudu ko Arewa, haƙƙin zama ɗan al'ummar Ayalan. Jama'a suka amince a ƙuri'ar raba gardama ta 22 ga Mayu 1998, sashen ya soma aiki a 2 ga Disamba 1999. Ba sabon haƙƙi aka ƙirƙira ba. An dai ɗauke shi ne daga dokar majalisa, wadda 'yan majalisa ke iya gyarawa da rinjayen ƙuri'a, aka dasa shi a tsarin mulki, inda ba mai taɓa shi sai da yardar jama'a.

Shekarun cunkoso da hukuncin 2003

Wannan gyara ya zo daidai da lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya bunƙasa, masu shigowa suka fi masu fita yawa. Masu neman mafaka 39 kacal aka samu a 1992. A 2002 sun kai 11,634, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa a cikinsu. Daga shekarar 2000 gwamnati ta soma ajiye masu neman mafaka a masaukai na musamman, ana ba su abinci da wurin kwana da ɗan kuɗin kashewa, Yuro 19.10 a mako ga babba a lokacin, ba a kuma yarda su yi aiki ba a wancan lokaci. Ga wanda ke cikin wannan hali, haihuwa ita ce hanya mafi sauri ta fita: da zarar an haifi yaro, iyaye da yawa kan janye takardar neman mafakarsu su nemi izinin zama a matsayin iyayen ɗan ƙasa.

A 23 ga Janairu 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lobe da Osayande, iyali ɗaya 'yan Jamhuriyar Cek, ɗaya kuma daga Najeriya. Alƙalai biyar suka rinjayi biyu. Masu rinjaye suka ce iyalin Fajujonu sun shekara da shekaru a ƙasar kafin hukuncinsu, waɗannan kuwa ba su daɗe da zuwa ba, kuma kare tsarin shige da fice dalili ne da ya isa a tasa ƙeyar iyaye, ko da hakan na nufin yaron da ke ɗan ƙasa zai bi su. Masu shari'a Catherine McGuinness da Nial Fennelly ne suka ƙi amincewa. Cikin Fabrairun wannan shekara ma'aikatar ta daina karɓar irin waɗannan takardu, ta bar kimanin 11,000 da aka riga aka shigar a rataye.

Wannan ita ce ranar da aka rufe ƙofar iyaye, kusan shekara ɗaya da rabi kafin a kira jama'a rumfar zaɓe. Yawancin taƙaitattun bayanai kan tsallake ta, alhali ba a fahimtar gardamar 2004 sai da ita.

Ƙuri'ar raba gardama ta 2004

Ministan Shari'a Michael McDowell, a gwamnatin Firaminista Bertie Ahern, ya kawo hujjoji biyu. Ta farko asibitocin haihuwa na Dublin guda uku, Rotunda da Coombe da na titin Holles, inda aka ce mata na sauka daga jirgi da tsohon ciki, ba katin awo ba tarihin lafiya, su zarce ɗakin haihuwa. Ministan ya ce shugabannin asibitocin ne suka roƙe shi ya gyara doka. Su kuma suka fito suka ce ƙarin kuɗi da ma'aikata suka nema, ba gyaran tsarin mulki ba. Masu adawa sun kuma nuna cewa alƙaluman “uwaye baƙi” da ake ambato sun haɗa har da matan da ke aiki a ƙasar da cikakken izini.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a idon lauyoyi. Wata mata 'yar ƙasar Sin mai suna Chen ta je Belfast, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, ta haihu a 16 ga Satumba 2000. Dokar Birtaniya ba ta ba jaririyar komai ba, amma dokar Ayalan ta ba ta fasfo, fasfon kuma ya mayar da ita 'yar Tarayyar Turai. Uwar ta koma Cardiff da ita ta nemi izinin zama a Birtaniya, maganar ta kai har Kotun Turai. A Mayun 2004, ana tsakiyar yaƙin neman ƙuri'a, babban lauyan Kotun Turai ya ba da shawarar a ba ta gaskiya, kotun kuma ta tabbatar da hakan a 19 ga Oktoba. Gwamnatin Dublin ta ce ba za ta bari dokarta ta zama hanyar kewaye dokokin maƙwabta ba.

An kaɗa ƙuri'a a 11 ga Yuni 2004, rana ɗaya da zaɓen ƙananan hukumomi da na Majalisar Turai, abin da 'yan adawa suka ce da gangan aka yi. Jam'iyyun Fianna Fáil da Progressive Democrats masu mulki da Fine Gael sun goyi baya. Labour da Sinn Féin da jam'iyyar masu kare muhalli sun ƙi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka fito, kashi 79 cikin ɗari suka ce e. Shugabar ƙasa Mary McAleese ta sa hannu a 24 ga Yuni. Ba a taɓa Sashe na 2 ba, don gudun tayar da ƙurar Arewa. A Sashe na 9 aka ƙara cewa wanda aka haifa a tsibirin amma ba shi da uwa ko uba ɗan ƙasa, ko mai haƙƙin zama ɗan ƙasa, ba shi da wannan haƙƙi sai yadda dokar majalisa ta tanada.

Ƙa'idar da ke aiki

Gyaran tsarin mulkin ya cire kariya ne kawai. Bai canza matsayin jariri ko ɗaya ba sai da sabuwar dokar majalisa ta soma aiki a 1 ga Janairu 2005. Wannan ce ranar da ofishin fasfo ke aiki da ita, ita ce kuma ta cancanci a riƙe. Yaron da aka haifa a 31 ga Disamba 2004 ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa washegari, sai an duba iyayensa.

Ana bukatar uwa ko uba ya yi zaman shekara uku bisa izini a cikin shekaru huɗun da suka gabaci haihuwar. Ma'aikaci zai buɗe fasfon mahaifin shafi-shafi yana lissafa tambarin hukumar shige da fice, daga ranar da aka buga zuwa ranar da ya ƙare. Zaman karatu ba ya shiga lissafi, haka zaman jiran hukuncin neman mafaka, haka duk giɓin da aka samu tsakanin ƙarewar wani tambari da sabunta shi. Ta haka aka samu gidajen da yaya ke riƙe da jan fasfon Ayalan, ƙanensa da aka haifa a asibiti ɗaya na riƙe da koren fasfon Najeriya. Ɗan wanda aka riga aka ba mafaka da ɗan ɗan Birtaniya ba sa bukatar wannan lissafi, haka yaron da ba wata ƙasar da za ta karɓe shi. Wannan togaciya ta ƙarshe ba ta cika shafar 'ya'yan 'yan Najeriya ba, tunda Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗauki wanda aka haifa a waje a matsayin ɗan Najeriya muddin uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne.

Iyayen da aka bari a rataye tun 2003 kuwa, an buɗe musu shiri na lokaci ɗaya a 2005 mai suna IBC/05, inda fiye da mutum 16,000 suka samu izinin zama.

Bayan 2005

A Maris 2011 Kotun Turai, a shari'ar Zambrano da ta taso daga Beljiyam, ta hana korar iyaye idan hakan zai tilasta wa yaro ɗan Tarayyar Turai barin Tarayyar baki ɗaya, abin da ya rage wa hukuncin 2003 ƙarfi sosai. A 2018 maganar ta sake tasowa lokacin da wani yaro ɗan shekara tara, haifaffen ƙasar, mazaunin garin Bray, ya fuskanci kora zuwa Sin. Bayan koken 'yan makarantarsu aka bar shi. A 2023 majalisa ta rage shekarun zaman da ake bukata kafin yaron da aka haifa a Ayalan ya nemi takardar zama ɗan ƙasa daga biyar zuwa uku. Sashe na 9 yana nan yadda aka gyara shi a 2004.